Jan Baki a Sokode

Zariya

Ana saura 'yan kwanaki azumi, ina idar da sallar asuba na rataya jaka na fito daga gidanmu na Kwarbai, Yaya Binta tana biye da ni da buhu a ka. Ɗanta Nura ne ya tafi wa'azi ƙasar Togo da sunan wata uku, ga shi shekaru sun ja babu shi babu alamarsa. Ita kuma tsufa ya kama ta, maganarta kullum ɗaya ce: a dawo mata da ɗanta ya zauna a zauren ubansa ya karantar.

"Tanimu, kar ka kuskura ka shigo gidan nan babu shi."

"Yaya, mutum ne fa da gemunsa, ba akuya ba da zan ɗaura wa igiya."

"Ko a buhu ne ka sako shi."

Buhun da ke kanta kuwa daddawa ce da kuka, wai yaron ba ya samun miyar kirki. Na ce in dawo da shi zan yi, me zai yi da daddawar shekara guda? Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Kamba zuwa Jugu

Na bi ta Sakkwato da Birnin Kebbi, na kwana a Kamba gidan wani mai sayar da albasa. Da safe muka ƙetare kogi a kwalekwale. Ni da ko kududdufin unguwarmu ban taɓa shiga ba, na ƙanƙame buhun nan, babu addu'ar da ban karanta ba, har ta shiga kasuwa.

A ƙasar Binin wani jandarma ya tare motarmu ya nuna buhun. Direba ya ce, "Malam, buɗe masa." Na kwance. Mutumin ya leƙa, ya ja da baya da sauri yana toshe hanci, ya ɗaga mana hannu mu wuce. Daga nan har Faraku direban yana roƙona in sayar masa da ko mudu ɗaya saboda shingayen gaba. A Jugu na ci sakwara da cukun Fulani, ban san lokacin da na nemi ƙari ba.

Sokode

Nura ya tarye ni a tashar Sokode, garin da ya zauna a Togo, ya yi ƙiba abinsa. Kafin in buɗe baki in isar da saƙo ya riga ni.

"Kawu, Allah ne ya kawo ka. Mai ja mini baki yana kwance da zazzaɓi, ga tafsiri gobe."

To, ni na shekara ina jan baki a masallacin unguwarmu: in karanto aya, malam ya fassara, in ya kai ƙarshe in janyo ta gaba. Na ce wannan ai ruwana ne. Sai ya ce da Kotokoli yake fassarar, yaren mutanen garin. Na ce yaushe ka koya? Ya ce ai shi ne ya cinye shekarun. Tunda ba zan gane inda ya tsaya ba, muka yi da shi in ya gama zai bugi gwiwarsa, ni kuma in ja.

Ashe Nura in wa'azi ya yi masa daɗi gwiwa yake duka. Yana tsakiyar bayani ya kai mata mari, na rangaɗa aya. Ya harare ni, na yi shiru. Can ƙuda ya sauka masa a ƙafa, ya kai hannu, na sake rangaɗawa. Masallaci ya ɗauki dariya, har da ɓangaren mata. Na ukun kuwa ya buga da gaske, ni kuma na ce ba za a ƙara yi da ni ba, na kafe. Ya yi ta dukan gwiwa kamar mai kaɗe tabarma, daga ƙarshe ya juyo cikin lasifika ya ce, "Kawu, don Allah ja!"

Daga nan na zauna tamkar kurma. Ayoyin da na sani tun ina yaro ake fassarawa, mutane suna girgiza kai, wata tsohuwa a bayan labule tana shesshekar kuka, ni kuwa ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena. Wallahi raina ya ɓaci, na ji kamar an kulle ni a waje ana cin abinci a gidanmu.

Da aka tashi wani dattijo, Alhaji Isufu, ya riƙe hannuna. Hausarsa ta kasuwa ce, amma na gane shi sarai.

"Malam, ka ji wuya yau?"

"Na ji, Alhaji."

"Mu haka muka tsufa. Malamanku suna zuwa, Allah saka musu, suna yi da Hausa. Ni Hausar goro na iya. In sun ɗaga murya mu ce amin. Matata ba ta taɓa sanin abin da take karantawa a sallah ba sai da yaronku ya zo." Ya matse hannuna. "An ce ka zo ɗaukar shi."

Na dubi ƙasa na ce, "Wa ya ce? Daddawa na kawo masa."

Na zauna ina ja masa baki har alarammansa ya warke. Muka bar gwiwa muka koma taɓa kafaɗa, aka samu lafiya. Ranar da zan taho na faɗa wa Nura saƙon uwarsa. Ya ce zai zo bayan Sallah ya gan ta, amma zai koma.

Gida

Na shigo ta Ƙofar Doka da la'asar. Yaya Binta tana tsakar gida tana dama kunun buɗe baki. Ta leƙa bayana, ta sake leƙawa.

"Ina yake?"

Na kwashe komai na faɗa mata. Ta kira ni sunaye iri-iri, mafi sauƙinsu shi ne sakarai. Da ta gaji, na ciro waya na kunna mata tafsirin da wani ya ɗauka a masallacin. Ta ajiye ludayi. Ga muryar ɗanta yana zuba yaren da ba ta taɓa ji ba, ga kukan tsohuwar nan daga nesa.

"Wace ce ke kuka?"

"Wata ce sa'arki. Ranar ta fara gane ayar."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen Sokode da suka yi haƙuri da jan bakina. Yaya kuwa har aka kira sallah wayar tana manne a kunnenta. Da ta ƙare ta goge ido da gefen mayafi ta miƙo mini.

"Ko kalma ɗaya ban ji ba. Sake sa mini."