Shafi Huɗu na Yaya Umaru a Manhajar Fasaha

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Umaru, malamin fasaha a wata sakandare a Argungu. Allah ya jiƙansa. Bana kam tunaninsa ya tsaya mini a rai.

Shi ya yi ta zarya zuwa Birnin Kebbi har aka sa babin gyaran injin ban-ruwa a manhajar fasaha ta jiha. Shafi huɗu ne kacal. Hujjarsa, 'ya'yan manoman shinkafa yake koyarwa, kuma in inji ya mutu da rani, gona ce ta mutu. In na lumshe ido ina hango shi a bakin fadama, ɗalibai sun kewaye inji, ya hana kowa taɓa sifana. Sai an tada shi, an yi tsit, sannan ya ce, "To, mi kunka ji?" Wai inji da kansa yake faɗin ciwonsa. Mu a gida likitan ƙarfe muke ce masa.

Yau ni ma malama ce, ina cikin kwamitin sabunta manhajar. Ga kwamfuta, ga aikin sola, lokacin darasi kuwa bai ƙaru ba. Dole a cire wani abu.

Kafin zaman ƙarshe na je Zauro. A gonar da na tsaya, faifan sola na shan rana, ruwa na malala cikin shinkafa, shiru kamar a mafarki. Me Yaya zai saurara a nan? Ina jin da zai tsuguna ya kara kunne duk da haka, ya miƙe yana dariya, ya ce a koya masa.

A wurin zaman kowa ya san babin yayana ne. Don jin kunyata, sai aka koma maganar rage darasin kwamfuta. Ni na ɗaga hannu na ce a cire babin. Wallahi ya yi mini ciwo.

Ɗalibansa na nan a Augie da Argungu suna gyaran injuna, suna ci da iyalinsu. Wannan ba kwamitin da zai iya gogewa. Fargabata ɗaya ce, matarsa, Yaya Hajara. Na je na faɗa mata da bakina. Ta daɗe tana tsintar tsakuwa a shinkafa ba ta ɗago ba.

"Ke da kanki kinka cire?"

Na ce ni ce.

"Gara ke," in ji ta. "Da wani ne, da ban yafe ba."