Haƙoran Kofur

A zamaninmu na makarantar mishan, in mutum ya ce ya iya abu, sai a tsayar da shi gaban jama'a ya yi, a gani. Na daɗe ina kewar wannan hanya. Da ta dawo, kan maƙwabcina Kofur ta faɗa, a lokacin da ba ta yi masa rana ba.

Kofur ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙungiyar badujala ta soja, yana busa bigila. Shi ke tashin bariki, shi ke sallamar gawa a maƙabarta. Da ya yi ritaya, firamaren da ke bayan layinmu ta ɗauke shi ya koya wa yara fareti da busa. Yana da ɗan ɗaki kusa da ofishin hedimasta, ganguna jere a kan kanta, ƙahoni a rataye, kowanne ya sha gogewa har kana ganin fuskarka.

Sai doka ta fito cewa duk mai tsayawa gaban yara sai da takardar koyarwa kafin shekara ta zagayo. Karatun kuwa na shekara uku ne. Amma kwaleji ta ce za ta lissafa wa tsofaffin sojoji horon da suka samu a bariki, ta yafe musu shekara biyu, in sun ci jarrabawar rubutu da ta gwaji.

Ta rubutun ce ta tayar masa da hankali, don da kunne ya koyi busa. Ni kuwa na koyi karanta waƙa a rubuce wurin wata sista mai dukan yatsu da rula. Kullum da yamma sai ya jawo benci zuwa barandata.

"Ticha, waɗannan abubuwan kamar kashin awaki a kan igiyar shanya, su ne waƙar?"

"Su ne. Zauna daidai."

"Ni da na yi wa janar-janar busa, yau ni ake ce wa zauna daidai!"

Ya ci ta rubutu, da maki mai kyau ma.

Abin da ni ban lura da shi ba, haƙoransa na sama sun zube tun tuni, na roba yake sawa. Bigila kuwa sai leɓe ya sami haƙori mai ƙarfi ya jingina. Ashe ya jima bai busa ba. Da baki yake rera wa yara, manyansu su nuna wa ƙanana.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka ce musu ganga za ka kaɗa mana. Ko hannun ma na roba ne?"

Ya je ya roƙa. Matar da ke ofishin rajista ta ce, "Baba, abin da soja suka horar da kai a kai kaɗai muke lissafawa. Takardar sallamarka bigila ta ce."

Ranar gwaji na raka shi. Ya sa takalmi baƙi wul, ya ƙame gaban teburin masu jarrabawa. Sautin farko ya fita sarai. A na biyu haƙoran suka zame, iska kawai ta fito. Ya juya baya, ya cire su, ya naɗe a hankici, ya sake gwadawa da dasashi. Bakin ƙahon ya yi ja.

Babban masu jarrabawar ya ce, "Baba, ya isa haka. Sannu."

"Ranka ya daɗe, a ba ni ganga."

"Wallahi ba mu da wannan ikon. Amma ƙofa a buɗe take, kana iya farawa daga shekarar farko."

Ko da ya fara, kafin ya gama shekara ukun an daɗe da ba wani gurbinsa, shi ma ya sani. Hedimasta ya yi masa kara, ya mai da shi gadin ƙofa. Sabon malamin, mai takarda, lasifika yake kunna wa yara su yi fareti.

Jiya na same shi zaune a bakin get, na ce ko zai sake gwadawa baɗi, an ce akwai haƙoran da ake dasawa.

Ya sa yatsa ya taɓa na ƙasa, suka motsa.

"Likita ya ce babu ƙashin da za a dasa a ciki, Ticha. Matsa kaɗan, mota za ta shiga."