Ƙwayar Carbin Kakana

Yau ina kwashe kaya a unguwar Paris-Congo ta Injamena na tsinci ƙwayar carbi ɗaya a gwangwani. Sai na zauna a ƙasa.

Carbin kakana ne, wanda ya taso daga Kano a ƙafa zai je Makka, tafiyar ta ƙare masa a Injamena. Da babanmu ya rasu, wajen shekarun alif ɗari tara da casa'in, kawu ya kai kayansu, har da carbin, gwanjo bayan babbar kasuwa.

Masu tara kayan tarihi su biyu suka taya carbin, Alhaji Mahamat da Malam Sule. Dillali ya ce “na sallama” idonsa na kan ɗaya, hannunsa na nuna ɗayan. Rigima ta kaure, aka kira wani dattijo.

Dattijon ya ce, “Halas, magana ta ƙare, a tsinke a raba.”

Na ce, “Baba, da shi fa kakana ya ratso daji.”

Ya ce, “Ɗana, an riga an sallama.”

Aka sa wuƙa. Casa'in da tara ba ta rabuwa biyu, sai aka miƙo mini ragowar. Su suka gaisa, suka tafi shan shayi.

Gadona ke nan. Ku me ya rage a hannunku na kakanninku?