Mutumin da Ya Karanta Mana Shafi na Tara

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe ofis. Shekara ashirin da huɗu shagona yana kallon ƙofar nan, in na ji ƙarar kwaɗo na san lokaci, ba sai na duba agogo ba. Zai jingine kekensa a jikin taga, ya share ɗakin da kansa, ya fito da benci biyu, ya goge tabarau da gefen riga. Sannan ya zauna a bayan teburin da ni na haɗa masa, ya ce, "To, wa ya riga zuwa?"

Akawu muke ce masa. Shi ne magatakardan ofishin mazaɓa na ɗan majalisarmu na jiha, wanda kowa ke kira Birki, don ba a taɓa kawo sabon abu majalisa bai tsayar da shi ba. Birki mutumin da ne. Ba ya son a rushe, ba ya son a canja suna, ba ya son a yi sauri. Aka ce a mayar da tsohuwar makaranta kantuna, ya ƙi. Aka ce a sare itatuwan bakin titi a faɗaɗa hanya, ya ƙi. Mu dattawa muka so shi don haka, samari suka ce shi ya hana unguwa ci gaba. Sau shida ana zaɓensa. Jaridu sun yabe shi, sun zage shi. Ba wanda ya taɓa rubuta layi ɗaya a kan Akawu. Ni kafinta ne, aji uku na yi na bar makaranta. Amma zan rubuta.

Birki yana da ƙa'ida ɗaya: ba ya ɗaga hannu a kan doka sai an karanta ta ga mutanen da za ta shafa. Ƙa'idar tasa ce, wahalar ta Akawu. Duk Laraba da yamma zai tsaya a ƙofar ofis, mu zauna a benci, ya karanta layi da yaren lauyoyi, ya maimaita da yaren mutane. In wani ya ce bai gane ba, ya koma baya. Na taɓa ganin mahaucin layinmu ya sa shi ya koma sau huɗu, a na biyar ya ce, "Ai tun na farko na gane, muryarka nake so." Akawu ya ce, "To ka riƙa zuwa da nama, ba a jin murya kyauta."

Sauran ranaku wasiƙu yake rubuta wa waɗanda ba su iya ba, kuma ba ya liƙe ambulan sai ya karanta wa mai ita. Wata tsohuwa mai wanki ta zo, famfon layinsu ya yi wata bakwai bai ɗiga ba. Ta ce, "Rubuta wa shugaban ruwa cewa shi ɓarawo ne."

Ya ce, "Inna, in na rubuta haka, kwandon shara ne zai karanta. Gaya mini ranar da ruwan ya ɗauke, da gida nawa ne a layin."

"To ka sa ɓarawon a ƙasa, ƙarami."

Bai sa ba. Ruwa ya dawo. Har yau tana cewa da ya sa, da ya fi haka saurin zuwa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Shekara goma sha ɗaya ke nan aka kawo dokar gyaran gari. Mu kafintoci da maƙera muka cika bencin, wasu a tsaye. Ni ne shugaban kafintocin layin. Shafi takwas na farko duk daɗi ne, kwalbati da fitilu. Da ya zo shafi na tara sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya karanta cewa za a tashi layinmu gaba ɗaya, shago sittin da biyu, a kai mu bayan gari inda mota ba ta zuwa. Sannan ya karanta sunayen waɗanda suka sa hannu aka gabatar da dokar. Na uku Birki ne.

Na miƙe. Na ce, "Ƙarya kake! Sayen ka aka yi. Mutumin da ya ɗauke ka aiki shi kake yi wa ƙage?" Na fizge takardar daga hannunsa na jefa a ƙasa, a gaban mutum ɗari. Ya sunkuya ya ɗauka, ya karkaɗe ƙurar katako. Bai dube ni ba. Ya ce, "Shafi na goma."

Daga baya direban Birki ya ba mu labari. Manyan jam'iyya ne suka matsa wa Birki ya sa hannu, shi kuma kunya ta hana shi zuwa, ya aiko wa Akawu cewa wannan karon ya taƙaita. Washegarin karatun Birki ya kira shi cikin mota, ransa a ɓace. Direba ya ji da kunnensa. Akawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙa'idarka na bi. In ka canja ta, ka zo ka gaya musu da bakinka. Ni ban iya tsallake shafi ba."

Birki ya dakatar da shi wata uku. Muka ga ƙofa a kulle, kekensa babu. A cikin watannin nan ne Birki ya tashi a majalisa ya janye hannunsa, ya ja mutum biyar suka bi shi, shafi na tara ya faɗi. Jam'iyya ta ƙwace masa shugabancin kwamiti, ba ta ƙara ba shi ba. Jarida ta buga hotonsa, mu ma muka je muka yi masa godiya, ya cancanta. Akawu ya dawo ranar Litinin, bakwai da rabi, ya share ɗaki. Ba wanda ya je masa godiya. Ni ma ban je ba.

Tun daga nan hannu nake ɗaga masa daga nesa, shi ma ya ɗaga. Sau biyu ƙafar teburinsa na lalacewa, na tsallaka na gyara, na koma shagona. Mai ɗakina ta ce, "Malam, ka yi ta buga ƙusa. Ba ita za ta ba shi haƙuri ba." Na ce ta sa ido a kan girkinta. Ita ce mai gaskiya.

Bana Birki ya ajiye siyasa. Sabon ɗan majalisa ya kai ofis wani bene, in an yi doka sai dai ka ji a waya bayan an gama. An kwashe bencin. Laraba da yamma sai in sami kaina na ajiye zarto ina kallon ƙofar nan, ba na jiran kowa, kuma ina jira. Idon Akawu ya yi rauni, ba ya ganin rubutu. 'Yarsa za ta tafi da shi garin da take aure ranar Asabar, tafiyar yini guda.

Ku matasa da ke zaune a ofisoshi, takardun mutane a hannunku, ku karanta musu duka. Har shafin da zai iya cin aikinku.

Akawu, kai ne ka tsaya a ranar da uban gidanka ya kasa. Kai ne ka bar mana layin da 'ya'yanmu ke cin abinci a cikinsa, ba ka taɓa faɗa ba. Na gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar ido.

Na ce maka maƙaryaci a gaban mutane, don haka a gaban mutane nake janyewa. Ni ne na yi kuskure. Ka yafe mini.

Kada ka ba kowa ya karanta maka wannan. Jumma'a da safe zan zo gidanka da takardar. Karatuna ba sauri, zan yi tuntuɓe a dogayen kalmomi. Ka yi haƙuri ka saurara, ba zan tsallake komai ba.