Rigzin da Abokin Karatunsa

Rigzin na ɗan shekara tara aka sauko da shi daga ƙauyensu na ƙololuwar dutse zuwa gidan ibadar Buddha, ya shekara goma sha shida cikin jan mayafi yana karatu. Da wansa ya rasu, aka rasa mai noma gonar sha'ir, sai ya ninke mayafin ya koma gida ya yi aure.

Duk farkon kaka, kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya, abokin karatunsa Lama Thinles, wanda ya zama malami a gidan ibadar, kan hawo ya yi wa girbi addu'a. Bana dogare da sanda ya iso, yana haki. Rigzin ya haɗa masa shayi mai gishiri da man shanu.

Thinles ya ce, "Manomi, da sauran karatu a kanka kuwa?"

"Rabi ya zube a gona, malam. Kai ma ai tumbi ya cinye rabin naka."

Washegari Thinles ya karɓi lauje, suka yi ta yanka suna karatun tare. Inda Rigzin ya manta, sai ya yi shiru har abokin ya ɗora masa.