Turken Bakin Kogi

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a kasuwar garinmu ya san Eustorgio Arrieta, kuma ya sha labarinsa har ya ƙoshi. Labarin ɗaya ne tal: ranar da jirgin sama mai sauka kan ruwa ya fara dira a bakin kogin Magdalena ta wajenmu, shi ya shiga ruwa har ƙugu ya riƙe igiyar jirgin don kada ruwa ya ja shi, har aka gama ɗaukar hoto.

"Ina cikin hoton nan, ku je ku tambaya!" in ji shi.

"To ina hoton, Kawu?" 'yan dako su ce. "Ko kada ya haɗiye?"

Shekara talatin yana shan wannan ba'a. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse zuwa birnin Barranquilla, kwalekwalensa ya ruɓe. Abin da ya rage masa a duniya kawai a yarda da shi.

Gaskiya kuwa yake faɗa. Ni Casilda na fi kowa sani, ni ce mai gyaran hoto a shagon Maigida Abelardo. A wancan zamanin a kan gilashi ake ɗaukar hoto, ni kuma in bi da allura da fensir ina share ƙuraje, ina rage wa matan attajirai tumbi. Da maigida ya ɗaga gilashin hoton saukar jirgin ya hango baƙin masunci ba riga a gaban Turawan jirgi da magajin gari, sai ya ja tsaki.

"Katin gaisuwa za a buga a kai ƙasashen waje. Cire min wannan."

Kwana biyu na yi a kai. Na kankare kai da kafaɗu, na miƙar da gangar jikin, na mayar da shi turken ɗaure jirgi. Aikin ya yi kyau, kai! Allah ya yafe min, har yau ina alfahari da shi.

Da bikin cika shekara talatin da saukar jirgin ya zo, aka faɗaɗa hoton aka rataye a zauren gari. Eustorgio ya aro farar kwat, ya kwaso rabin kasuwa a bayansa. Kai tsaye ya nufi hoton ya ɗora yatsa.

"Nan nake tsa…"

Nicanor mahauci ya leƙa ta kafaɗarsa. "Ashe da gaskiyarka, tsoho! Ga ka nan ƙyam, ko motsi ba ka yi!"

Zaure ya kwashe da dariya. Eustorgio ya waiwayo ya hango ni.

"Casilda, 'yar'uwa, ke kin ga gilashin da idonki. Don Allah faɗa musu."

Yanzun nan aka gama tafa mini a gaban manyan gari, wai ni na adana tarihi. Na ji kunya ta rufe ni, amma tsoron tonon asiri ya fi ƙarfi. Na gyara tabarau, na ƙura wa aikina ido.

"Ni dai turke nake gani," na ce.

Ya ƙara shekara huɗu yana sayar da kifi. Ba wanda ya sake jin zancen jirgi a bakinsa. Kasuwa ta laƙaba masa Turke, har ya koma yana amsawa.