Tantabarun Duba-sama

A unguwar bayan tsohuwar masaƙa babu wanda ya damu da sunansa na yanka. Duba-sama ake ce masa, kuma ba sharri aka yi masa ba. Idan yana tafiya a titi haɓarsa ce a gaba, idonsa yana can kan rufin gidaje. Kwatar da bai taɓa faɗawa ba a unguwar nan sai wadda aka rufe da siminti. Matarsa takan ce duk zaman da suka yi ta fi sanin ƙasan haɓarsa a kan fuskarsa.

Sana'arsa gyaran keken ɗinki. Yana bin shagunan teloli da 'yar jakarsa ta sukudireba da kwalbar mai, kuma yana da hannu, keken da ya taɓa ya daina tsinka zare ke nan. Amma wannan hanyar abinci ce kawai. Ransa yana saman rufin gidan da ya gada, inda ya kakkafa akwatunan katako ya tara tantabaru.

Tun yana ɗan makaranta abin ya kama shi. Wata tantabara da ta kuɓuce wa shaho ta faɗo tsakar gidansu da rauni a fiffike. Ya yi jinyarta ta warke, ya kai ta bayan gari ya sake ta don ta koma inda ta fito. Da ya dawo gida sai ya tarar da ita a kan igiyar shanya. Daga ranar wata tambaya ta zauna masa a rai: da me ta gane hanya? Ya girma, ya yi aure, har ya aurar da autarsa, tambayar tana nan. Ya taɓa rufe wata a kwali ya shiga mota da ita gari mai nisa, ta riga shi dawowa. Ya shafa wa wata turare a baki, ko da hanci suke bi, ta dawo abinta tana ƙamshi. Har fenti kore ya yi wa rufin don ya ruɗe su. Ko a jikinsu. Shi dai ya sha faɗa, domin fentin na ƙofar ɗakin matarsa ne.

A cikin garken akwai wata tsohuwa, ruwan toka mai farin wuya, da ya sa wa suna Gwaggo, saboda tafiyarta sak ta ƙanwar babansa in an ɓata mata rai. Rabin garken 'ya'yanta ne da jikoki. Inda ta sauka nan kowa ke sauka.

Gaskiya unguwar ta gaji. Bango ya tsattsage, da damina ana kwana da bokitai a tsakar ɗaki, wayoyin wuta sun cukurkuɗe a sama kamar zaren da mage ta yi wasa da shi. Da hukumar gari ta ce za ta rushe ta gina benaye da tituna masu fitila, ba kowa ya yi kuka ba. An ba mutane ɗakuna a wasu sababbin benaye can ƙetaren gada, aka ce idan aiki ya ƙare za a yi ƙuri'a, waɗanda suka fito su dawo, tunda ginin ba zai ɗauki kowa ba. Aka yi ƙuri'ar tun kafin a sa harsashi. Sunan Duba-sama bai fito ba.

Matarsa ko gezau. Ranar da suka tare ta buɗe famfon kicin ta rufe, ta sake buɗewa, tana dariya ita kaɗai.

“Baban Auta, zo ka gani. Ruwa a ɗaki, kuma ba daga rufi yake zubowa ba.”

Shi kuwa yana can sama. Mai kula da benen ya ba shi wani lungu kusa da tankunan ruwa, nan ya kafa akwatunansa. Abokan kiwo sun ce ya fige musu gashin fiffike, kafin ya sake fitowa sun manta da tsohon gida. Ya ɗauki Gwaggo, ya buɗe fiffikenta, ya duba, ya mayar. Ba zai iya ba. Sai ya kulle su na 'yan makonni, yana ba su hatsi da ruwa, har ya ga kamar sun saba. Ranar da ya buɗe, suka tashi fuu, suka zagaya benen, suka miƙe wajen gada. Ya jira har magariba yana kaɗa gwangwanin hatsi. Ko ɗaya ba ta dawo ba.

Washegari ya bi su. An kewaye unguwar da shingen kwano, katafila ta gama aikinta, babu bango ko ɗaya a tsaye. Wata tsohuwar bishiya kawai aka bari, wadda a da take ƙofar gidansa. Ya leƙa ta wata kafa, abin da ya gani ya sa ya manta da baƙin cikinsa. Tantabarun suna shawagi a gefen bishiyar, daidai tsayin da rufinsa yake a da. Gwaggo ta sauko, ta ware jela, ta miƙa ƙafafu za ta dira, babu komai a wurin. Ta yi fiffika ta koma sama, ta sake zagayowa, ta sake miƙa ƙafa a kan iska.

“Ikon Allah,” ya ce. “Ashe ba rufin ba ne.”

Ba launi ba ne, ba katako ba, ba ƙamshin gida ba, tunda duk an kwashe. To mene ne suke gani a sararin nan? Yana cikin wannan tunani hannunsa ya shiga aljihu, inda hatsi ba ya yankewa. Ya watsa ta saman shinge, suka sauko suka ci.

Shi ke nan ya samu wurin zuwa. Kullum da hantsi, kafin ya bi teloli, sai ya hau bas ya ƙetare gada. Mai gadin wurin, wani dogon mutum mai son hira, ya saba da shi har yana ajiye masa bulo ya zauna a bakin ƙofa. Duba-sama ya kalli harsashi ya fito, bango ya tashi, hawa ya hau kan hawa. Yakan kama waɗanda suka yarda a kama, ya kai su gida cikin kwando, da ya sake su sai su koma. Sauran suna kwana a bishiya da kan ƙarafunan gini. Mage ta ci wasu, shaho ya ɗauki wasu, garken yana raguwa a kan idonsa.

Wata safiya mai gadi bai ajiye bulo ba.

“Baba, akwai magana. Mai kula da aiki ya ce tsuntsayenka sun ishe shi. Duk shafen da aka yi sai sun ɓata, gilashin tagogi kuwa ba a magana. Ya ce kafin masu fenti su shigo, in suna nan, hatsi mai guba zai sa a watsa.”

“Guba? Ai ba su san an sayar... ba su san an tashe mu ba ne.”

“Na faɗa masa. Ya ce to a sanar da su.”

Duba-sama ya koma gida. Ya ci abinci bai san abin da ya ci ba. Ya yi ta zayyana wa matarsa dabaru: raga, tarko, ko ya roƙi leburori su taya shi kamu. Tana wanke kwanuka tana jinsa, har ya kai inda ya saba kaiwa, wato da zai gano da me suke gane wurin, da ya san yadda zai raba su da shi.

Ta rufe famfo ta juyo.

“Baban Auta, tun ina amarya kake tambayar da me suke gane hanya. Ni ban sani ba, kuma ba za ka sani ba. Amma na san abin da suke ci a can. Wa yake kai musu?”

Ta goge hannunta ta ci gaba.

“Tsuntsu ya je tsohon gida ya tarar da mai gida zaune a ƙofa da hatsi a hannu. Me zai dawo yi nan? Kai kake bin su, ko su suke bin ka?”

Maganar ta yi masa zafi, domin gaskiya ce, kuma ko rabinta ba ta faɗa ba. Ba don tantabaru kaɗai yake hawa bas ba. A kan bulon nan yana iya nuna inda ɗakin babansa yake, da inda Auta ta fara tafiya. Muddin tsuntsayen suna can, yana da dalilin zuwa wanda ba zai ji kunyar faɗa ba. Yanzu in yana so su rayu, sai ya bar su da yunwa, shi kuma ya daina zuwa.

Ya aika wa mai gadi cewa kada kowa ya watsa musu ko ƙwaya. Ya hau sama ya zauna kusa da tankuna da gwangwaninsa. Hantsi ya yi, lokacin bas ɗinsa ya wuce, ƙafarsa tana ƙaiƙayi. Ya kaɗa gwangwani, ya yi fito, mata masu shanya suna kallonsa suna ƙunshe dariya. Ranar farko babu komai sai sarari. Ta biyu ma haka. Ya sauko ya sa takalmi, matarsa ta bi takalmin da ido. Ya cire.

Wanda ya fara zuwa wani ɗan saurayin tantabara ne baƙi, sarkin kwaɗayi, da bai taɓa ba shi muhimmanci ba. Ya dira a kan tanki, ya karkata kai, ya faɗa wa hatsi. Duba-sama ya ji kamar ya rungume shi. Kashegari baƙin ya dawo da wasu a bayansa. Haka suka yi ta zuwa, ramammu, da ƙurar siminti a gashinsu, har akwatunan suka cika da kuka. Kafin masu fenti su shiga, mai gadi ya aiko cewa wurin ya yi tsit, ba a watsa komai ba.

Gwaggo ce kawai ba ta zo ba. Ya jira ta har ya gaji, ya ce mage ce ko shaho. Ya yi baƙin cikinta sosai, ya bar akwatinta a buɗe, bai bar kowa ya shiga ba. Gadar kuwa ya daina ƙetarewa, ko aiki aka kira shi can sai ya tura wa wani.

Bayan an buɗe sababbin benayen mutane sun tare, wata tela ta matsa masa da waya, kekenta ya ƙi ɗinki kuma an ce mata sai shi. Ya rasa yadda zai yi, ya ɗauki jaka. Bai gane unguwar ba. Tituna sun miƙe, an dasa furanni, yara suna tuƙa keke inda kwata take a da. Sai bishiyar, da aka yi wa da'irar siminti. Gidan telar yana hawa na farko, a benen da ke gefenta.

Yana cikin gyaran keken sai ya ji kukan tantabara daga baranda. Hannunsa ya tsaya.

“Yi haƙuri, Baba,” in ji telar. “Wata tantabara ce ta addabe ni. Tun kafin mu tare take nan. Na kore ta, na zubar da tsinkayenta, gobe ta sake tarawa. Har miji ta samo a titi.”

Ya leƙa. A bayan wani bokiti, kan 'yan tsinkaye, ga ruwan toka mai farin wuya kwance a kan ƙwai. Ta ɗago ta harare shi irin hararar ƙanwar babansa. Ya dubi bishiyar, reshen da a da yake taɓa rufinsa yana nan daidai ƙarfen barandar. Da ya miƙa hannu da ta yarda, ya sani. Ya mayar da hannun aljihu, ya zuba mata abin da ke ciki.

Ya gyara keken, ya ce da telar, “'Yata, alfarma ɗaya. Ki bar ta. Ki riƙa ajiye mata ruwa a murfin gwangwani. Ta riga ki zama a nan, ta riga ginin ma.”

Da ya koma gida matarsa tana kicin. Ya tsaya a ƙofa.

“Maman Auta, Gwaggo ta samu ɗaki a sabon gini. Ita ko ƙuri'a ba ta shiga ba.”

Ta yi dariya har da tafawa, ta ce dama tsohuwar nan ba ta da kunya. Sai dariyar ta tsaya.

“Ta wane gefe?”

“Gefen bishiya. Daidai saman inda murhunki yake.”

 Ta juya ta buɗe famfo, ta sa hannu a ƙarƙashinsa, ruwan yana ta zuba, alhali babu kwano ko ɗaya a wurin wanki.